Bekin Soda a Gidan Manomi: Inda Take da Amfani da Inda Ba Ta da Shi

Bekin soda farin gari ce mai laushi da ake sayarwa a ƙananan ledoji da gwangwanaye a shagunan kayan kek da burodi, da kuma kantunan magani. Sunanta a ilmin sinadarai shi ne sodiyam bayikabonet. A da masu gashin burodi da kek ne kawai suka san ta, amma yanzu ta shiga gidaje da yawa har a karkara, kuma tare da ita maganganu iri-iri sun shigo: wani ya ce tana kashe tsutsar masara, wani ya ce tana wanke maganin ƙwari daga wake, wata ta ce tana warkar da gyambon ciki. Malaman gona su ne ake tara da waɗannan tambayoyi, don haka ya kamata su san abin da za su amsa.

Aikin bekin soda guda ɗaya ne, wato kashe tsami. Duk inda ta haɗu da abu mai tsami sai ta rage masa ƙarfi, ta fitar da iskar kabon, wadda ita ce kumfar da ake gani. Bayan wannan tana da ɗan kaushi da ke taimakawa wajen goge datti. Kusan duk wani amfaninta na gaskiya daga nan ya fito. Kuɗin da ake biya kuwa shi ne sinadarin sodiyam, wanda shi ne dai ke cikin gishiri, domin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta sodiyam ne. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu zai iya auna kowace magana da aka kawo masa a kanta.

A wannan bayani, ƙaramin cokali na nufin cokalin shayi da aka shafe bakinsa, kimanin giram 5. Babban cokali kuwa ninki uku ne na wannan, kimanin giram 15.

Fararen gari huɗu da ake rikitawa

Kanwa ita ce 'yar'uwar bekin soda ta kusa. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, har da ungurnu, gishirin ƙasa ce da ta ƙunshi sodiyam bayikabonet da sodiyam kabonet, gauraye da gishiri da yashi da wasu sinadarai. Irin wannan ma'adini ake haƙowa a jihar Wayomin ta Amurka da Tafkin Magadi na ƙasar Kenya ana tace shi a masana'antu. Sunan da ake kiran kanwa da shi a Turancin kasuwa kan sa wasu su ɗauka sinadarin fotashiyam ce irin na takin zamani, alhali mafi yawanta sodiyam ne. Bambancinta da bekin soda shi ne kanwa ta fi zafi, kuma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule. Bekin soda kuwa tatacciya ce, cokalin yau daidai yake da na gobe, shi ya sa ake iya ba da ma'auninta.

Bekin fauda daban take. Bekin soda ce da aka riga aka haɗa da busasshen abu mai tsami da garin sitaci, don ta tashi da kanta idan ta jiƙa. Aikinta kumbura ƙulli ne kawai, ba ta maye gurbin bekin soda a sauran ayyukan da za a ambata.

Ta huɗu ita ce mai haɗari, wato sodar sabulu, wadda mata ke amfani da ita wajen haɗa sabulu. Tana ƙona fata, tana makantar da ido, idan aka sha kuma tana ƙona maƙogwaro. Sunan soda ne kawai ya haɗa su.

Idan an yi shakka, a zuba ɗan garin a ruwan lemun tsami ko ruwan tsamiya: bekin soda za ta yi kumfa nan take. A zuba a ruwan ɗumi zalla: bekin fauda za ta yi kumfa sosai, bekin soda kuwa narkewa za ta yi. Sodar sabulu yawanci ɓarɓashi ce ko ƙwayoyi, tana jan danshi, kuma idan ta shiga ruwa sai ruwan ya yi zafi. Kada a ɗanɗana garin da ba a san shi ba.

Dafa wake

Nan ne, a ganina, bekin soda ta fi yi wa gidan manomi amfani. Waken da ya daɗe a ajiye a wuri mai zafi da danshi yakan yi taurin dahuwa, ya cinye itace da lokaci. Dalili shi ne akwai wani abu mai danƙo da ke haɗa ƙwayoyin halittar waken da juna, wanda sinadarin kalsiyam ke ƙara ɗaure shi. Idan ruwan girkin ma na rijiya ne mai yawan kalsiyam, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, taurin sai ya ƙaru. Sodiyam ɗin da ke cikin soda yana ture kalsiyam, rashin tsamin ruwan kuma yana sassauta danƙon, sai waken ya yi laushi da wuri. Abin da iyayenmu mata ke yi ke nan da kanwa tun tuni, ko a wake da shinkafa ko a ɗanwake.

Amma akwai hanya mai kyau da marar kyau. Jefa soda ko kanwa kai tsaye cikin tukunya a bar ta ta dahu da waken yana lalata bitamin B1, wanda wake na daga cikin abincin da ke samar da shi, yana kuma barin dukkan sodiyam ɗin a cikin abincin. Idan ta yi yawa waken ya dagargaje, ya yi ɗanɗanon sabulu. Abin da ya fi shi ne a narkar da ƙaramin cokali guda a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa waken ya kwana, da safe a zubar da ruwan, a ɗauraye, a dafa da sabon ruwa. Wannan yana rage lokacin dahuwa ƙwarai, kuma mafi yawan sodar ta tafi da ruwan jiƙon. Kada a sa tumatir ko yakuwa sai waken ya yi laushi, domin tsami yana mayar da shi baya.

Miya da tumatir

Ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka ya isa ya kashe tsamin tumatir ko yakuwa a tukunyar miya, ya kuma ƙara wa kuɓewa yauƙi. Ganye kamar alayyafo da zogale kan riƙe korensu idan an sa musu soda, sai dai wannan kyan ido ne da ake saya da bitamin C, domin soda na lalata shi. Ga ganye gara a rage lokacin dahuwa, a bar soda. Zoɓo kuwa idan ya haɗu da ita jan launinsa kan juya ya yi duhu.

Akwai wuri guda da sa soda a tumatir ke iya kisa. Ƙungiyoyin mata da dama sun koyi markaɗa tumatir lokacin arha, su dafa, su ɗura a kwalabe don ajiya. Tsamin tumatir ɗin shi ne ke hana wata ƙwayar cuta mai fitar da guba girma a cikin rufaffiyar kwalba, ƙwayar da tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irinta, gubarta kuma tana shanye jiki har ta hana numfashi. Idan aka kashe tsamin da soda ko kanwa kafin a rufe kwalbar, an buɗe wa wannan ƙwaya ƙofa. Tumatir ɗin ajiya ruwan lemun tsami ake ƙara masa. Mai son rage tsami ta jira sai ranar da ta buɗe kwalbar za ta yi miya.

Haka abin yake ga madara. Sa soda a madarar da ta fara juyawa yana ɓoye tsamin ne kawai, ƙwayoyin cutar suna nan suna ƙaruwa. Wannan algus ne, kuma yara ne suka fi shan wahalarsa.

Wanke-wanke

A kwaɓa soda da ɗan ruwa ta yi kauri a goge ƙanzon da ya kama tukunya, ko a jiƙa shi da ruwan zafi da babban cokali guda na soda. Kula da jarka da robar da ta ɗauki warin nono ko kifi, a zuba musu ruwan soda su kwana. Ana barbaɗa ta a takalmi mai wari a kaɗe da safe. Sai dai tukwanen alminiyam kan yi baƙi idan ruwan soda ya daɗe a cikinsu. Haɗa soda da ruwan lemun tsami don wanki kuwa, kamar yadda ake yawan nunawa a waya, kumfa ce kawai mai burgewa, domin kowannensu ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Soda ba ta kashe ƙwayoyin cuta yadda za a dogara da ita, saboda haka kayan tatsar madara da mazubin ruwan kaji suna buƙatar sabulu da ruwan zafi ko maganin da aka tanada don haka.

Idan mai ya kama da wuta a kasko, a rufe da murfi a janye itace. Watsa soda da yawa na iya kashe ƙaramar wuta irin wannan. Ruwa kuwa watsa wutar yake yi.

Wanke kayan lambu da maganar maganin ƙwari

A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Masacusets ta Amurka sun gwada wanke tuffa da ruwan soda mai ƙarfin giram 10 a lita ɗaya. Sun samu cewa jiƙawa na minti 12 zuwa 15 ya cire ragowar magunguna biyu da suka gwada daga saman ɓawon, fiye da yadda ruwa zalla ya yi. Sun kuma samu cewa abin da ya riga ya ratsa cikin ɓawon bai fita ba. Don haka jiƙa tumatir da tattasai da kokwamba a irin wannan ruwa, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsafta, abu ne mai kyau. Amma ba lasisi ba ne ga mai lambu ya yi feshi yau ya tsinka gobe. Kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar magani suna nan daram.

Waken da aka zuba wa maganin feshi mai guba don ajiya, soda ba ta mayar da shi abin ci. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya a shekarar 2015, bayan an samu sinadarin daikulobos fiye da ƙima a cikinsa. Hanyar ajiya ita ce buhu mai leda biyu a ciki, wato buhun PICS, ko jarka da durom masu toshe iska. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ma kada a dogara da soda wajen cire musu gubar aflatoksin. A tsince, a zubar.

A lambu

Akwai cutar ganye guda da soda ke taimakawa a kanta, wato farar fumfuna, wadda ke bayyana kamar an barbaɗa gari a saman ganyen kuɓewa da kabewa da kankana da kokwamba, musamman a noman rani. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Konel ta Amurka a farkon shekarun 1990 sun nuna soda haɗe da ɗan mai tana rage ta, domin fumfunar ba ta son saman ganye marar tsami. Ma'aunin shi ne ƙaramin cokali guda na soda a lita ɗaya ta ruwa, da ƙaramin cokali na man girki da ɗigo kaɗan na sabulun ruwa don ya kama ganye. Ga injin feshi na goyo mai lita 15, giram 75 ke nan, wato manyan cokula biyar. A fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, a maimaita bayan mako guda. A fara gwadawa a kan 'yan tsirai a jira kwana biyu, domin idan haɗin ya yi ƙarfi yana ƙona ganye. Rigakafi ce da rage yaɗuwa a farkon kamuwa. Gonar da ta riga ta yi fari fat sai maganin fumfuna na sosai.

Kada a zuba soda a injin feshi tare da maganin ƙwari, saboda magungunan ƙwari da yawa suna lalacewa da sauri a ruwa marar tsami, manomi ya yi asarar kuɗinsa. Kuma soda ba maganin ƙwari ba ce. Tsutsar masara da ta bayyana a Nijeriya a 2016, da tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a Kano da Kaduna a wannan shekarar, ba a shawo kansu da ita.

Wasu kan yi tunanin tunda tana kashe tsami, za ta gyara ƙasa mai tsami. Wannan kuskure ne mai tsada. Sodiyam yana wargaza ƙasa, ta daskare, ruwa ya kasa ratsa ta, kamar yadda ake gani a fadamun da kanwa ta taso musu. Ƙasa mai tsami farar ƙasa ta noma ake sa mata, bayan an gwada ta.

Tumaki da awaki da shanu

Yawun dabba mai tuƙa yana ɗauke da bayikabonet, saniya kuma tana fitar da fiye da lita 100 na yawu a rana. Da shi take kashe tsamin da ke taruwa a tumbinta. Tauna harawa da ciyawa ita ke kawo yawun. Idan aka cika wa rago dawa ko masara ko ragowar tuwo, musamman a gaggawar kiwon layya, ko akuya ta fasa buhun hatsi, tsami sai ya yi yawa a tumbi, yawu kuma ya yi kaɗan. Dabbar ta daina ci, ta daina tuƙa, ta yi zawo mai tsami, ta kwanta, wani lokaci ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Maganin farko shi ne kada a kai ga haka: a riƙa ƙara hatsi sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, harawa kuma kada ta yanke. Masu kiwon ƙiba na iya gauraya giram 10 na soda a kowane kilo na abincin gari a lokacin sabawa. Idan abin ya riga ya faru, a janye hatsi, a ba da busasshiyar ciyawa, a narkar da babban cokali guda a rabin lita na ruwa a ɗura wa babban rago a hankali, a kuma nemi malamin dabbobi. Dabbar da cikinta ya riga ya kumbura tam, ko ta kasa haɗiya, kada a ɗura mata, domin soda na ƙara iska, ruwan kuma na iya shiga huhu.

Kada a mayar da soda abincin kullum ga ragon da ke cin dusa da hatsi da yawa. Tana rage tsamin fitsari, wanda ke taimaka wa tsakuwar mafitsara taruwa, ragon ya kasa fitsari.

Kajin ƙwai a lokacin bazara

Daga Maris zuwa Mayu masu kajin ƙwai kan koka da ɓawo marar kauri. Kaza ba ta gumi, haki take yi, hakin kuma yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da ƙima, sai bayikabonet ɗin da take gina ɓawo da shi ya ragu. Ƙara giram 2 zuwa 3 na soda a kowane kilo na abinci, wato giram 50 zuwa 75 a buhu mai kilo 25, yana taimakawa, muddin an gauraya sosai. Idan ta wuce haka kajin za su yawaita shan ruwa, kashinsu ya yi ruwa, shimfiɗa ta jiƙe. Mai haɗa abinci da kansa ya rage gishiri kaɗan. Kada a sa ta a ruwan allurar rigakafi. Inuwa da iska da ruwa mai sanyi da isasshen kalsiyam su ne kan gaba.

Shan soda don ƙwannafi

Gaskiya ne rabin ƙaramin cokali a rabin kofin ruwa yana kwantar da ƙwannafi ga babban mutum mai lafiya, na ɗan lokaci. To amma wannan rabin cokali yana ɗauke da kimanin miligiram 600 na sodiyam, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 a yini daga dukkan abincinsa. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai ciki, da ƙananan yara, su guje ta. Kada a sha ta a kan cikin da ya cika maƙil, domin iskar da take fitarwa ta taɓa fasa cikin mutane. Tana kuma canza yadda jiki ke karɓar wasu magunguna. Ba ta warkar da gyambon ciki, wanda yawancinsa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi kuma yana da magani a asibiti. Maganar cewa tana maganin ciwon daji ba ta da tushe.

Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka kuma danganta hakan da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilai, har da ƙarancin sinadarin siliniyam a jiki. Duk da haka, lodin sodiyam nauyi ne ga zuciyar da ta raunana, kuma maye gurbin kanwa da bekin soda a kunun mai jego bai rage komai ba. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko take haki a kai ta asibiti.

Ga yaro mai gudawa, ƙunshin gishiri da sukari na asibiti shi ne daidai. Idan babu, a haɗa ƙananan cokula shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Ba a ƙara soda.

Saye da ajiya

A sayi wadda ke cikin ƙunshi mai suna da lambar hukumar NAFDAC, a guji farin garin da aka ƙulla a leda ba rubutu. Danshin damina yana sa ta dunƙule, don haka a juye ta a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu, a rubuta suna a jiki. Idan ta daɗe, a gwada ta da ruwan lemun tsami kafin a yi kwaɓi da ita.

A gidan da ake haɗa sabulu, sodar sabulu ta zauna a wani ɗaki daban da na girki, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Narkakkiyarta kamar ruwa take, saboda haka kada a taɓa zuba ta a gorar ruwa ko ta lemo ko a kofi. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko lemun tsami. A wanke masa baki da fata da ruwa mai yawa, a garzaya da shi asibiti tare da mazubin abin da ya sha, ko da bai nuna alamar ciwo ba tukuna.